In Gero Ya Fitar da Kai

Ranar wata Lahadi ce, 'yan kwanaki bayan an ci tuwon Cika-ciki, a shekarar da na yi famfara, tun ba a san Nasara a ƙasar Kano ba. Hantsi bai gama ɗagawa ba aka fito da jakunan Baba ƙofar gida, an ɗora musu akumari, an labta musu kanwa da baƙaƙen zannuwan da marinan Birni suka rina. Gwanja za shi fataucin goro, ayari na jiransa a zango. Inna ba ta fito ba, tana tsaye bayan zana, amma ina jin jan hancinta. Ni kuwa da ba na kunyar kowa na damƙe gefen rigarsa, na ce ba inda za shi sai ya gaya mini ranar da zai dawo. Mutane suna ta dariya, Baffa Ilu, ƙanen Baba, yana cewa a ɓamɓare yarinyar nan, rana na yi. Baba ya tsugunna har fuskarsa ta zo daidai da tawa, ina jin ƙanshin man kaɗanyar da Inna ta shafa masa a ƙafa saboda faso, ya ce, "Larai, zan dawo in tarar da gero a tsaye, ya fitar da kai, ba a girbe ba. In kin ga haka, ki dubi hanya." Sai na sake shi. Muka tsaya muna kallonsu har suka shige bayan rimin bakin gari, sannan Gwaggo ta ja ni ciki, ta ce in je in ba akuyoyi dusa.

Ƙauyenmu yana can wajen Dawakin Tofa, inda gona ke manne da gona, mutum ba ya yin nisa bai ji ƙarar taɓarya a wani gida ba. Asalinmu Barebari ne. Kakannin Baba suka zo da fatauci suka zauna, har Barbarcin ya ɓace mana a baki, sai zanen fuska da ya rage wa tsofaffi. Gwaggo Falmata yayar Baba Bukar ce, ita ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, da mijinta ya rasu kuma ta dawo gidan da zama. 'Yar firit ce, ba ta iya tafiya a hankali ba, baki kuwa kamar barkono. Ba wanda ya tsira daga harshenta, har kaji zagi suke sha. Tana da 'yar gayaunarta a gefen gandun gidanmu, daidai bakin hanyar da ta yi kudu, wadda take nomawa da hannunta. Abin da ta samu a ciki shi ne goronta, shi ne audugar da take kaɗi, kuma ba ta yarda ta roƙi ƙannenta ko allura ba. A ɗakinta nake kwana, ita ke yi mini kitso, ita ke mintsinina in na yi ƙiwa. Duk duniya, in aka cire Baba, ba wanda nake so kamarta, ba kuma wanda nake tsoro kamarta.

To, Baba ya tafi, ni kuma ban san komai game da lokaci ba. Abin da na sani jiya da yau da gobe. Ko jibi da gata ruɗa ni suke yi. Kullum da safe, in na dawo daga makarantar allo a zauren Malam, sai in zaga gona in duba ko gero ya fito. Ina! Gero yana rumbu, gonaki fayau, sai tushen kara da kashin shanu. Na gaji da zagaye, na zauna na yi tunani irin na yaro, wanda a wurinsa ba shi da ɓaraka ko kaɗan. Gero dai tsaba ce da ruwa. Tsaba tana nan, rijiya tana nan. Me za a jira? In na shuka nawa ya fitar da kai, ai dole Baba ya dawo, tunda shi ya faɗa da bakinsa. Na je inda mata suke sussuka na tsince tsabar da ta watse a ƙasa, na ƙulle a bakin zane. Bayan ɗakin Gwaggo akwai wani ɗan fili inda ruwan alwalarta yake gangarawa, nan na tona da tsinke na binne, na kewaye da ƙaya da karan dawa saboda kaji da akuyoyi. In an aike mu ɗiban ruwa sai in riƙo ƙoƙo na daban. Ƙawayena suna carafke a gindin tsamiya, suna kirana in zo a yi tuwon ƙasa, ni ina can ina ba gona ruwa. Sanyi ya sa ya yi nawa, amma ya tsiro, sirara-sirara, kore shar a tsakiyar ƙasar da ba wani kore ko'ina.

Gwaggo ce ta gano, ta zagaya za ta zubar da toka. Ta kira ni, ta nuna da baki, ta ce mene ne wannan. Na gaya mata gaskiya. Wallahi ban taɓa ganin ta yi dariya irin ta ranar ba, har ta dafa bango, hawaye na zubo mata. Da ta lafa ta goge ido ta ce, "Kai, jinin Bukar! Ke nan za ki jawo damina da igiya?" Na zaci za ta tumɓuke, amma ba ta taɓa ko ganye ɗaya ba. Cewa ta yi in bar shi ya girma, amma daga yau zan zauna in koyi sunan lokaci kamar yadda nake koyon baƙi a allo, don kada in girma in zama abin dariya a gidan miji.

A bakin mazari aka yi karatun. Tana kaɗi, ina cire mata gurya daga auduga, tana faɗa ina maimaitawa. Kwanakin mako da 'yan matan unguwa ta koya mini. Ta ce in jera su a raina kamar za a yi gaɗa: Ladi 'yar gidan maƙeri a gaba, sai Tani, sai Talatu mai yawan kuka, sai ni Larai a tsakiya, sai Lami, sai Jummai, Asabe ta rufe baya. Kowace an haife ta a ranarta, in layin ya ƙare Ladi ta sake dawowa. Watanni kuwa ta ciki ta bi da ni, don ta san nan ne hankalina yake. Watan Cika-ciki da ake cin tuwo har a kasa tashi, watan Gani da ake raba abinci don murnar haihuwar Annabi, can gaba watan Azumin Tsofaffi, sai na Sha-ruwan Tsofaffi, sai Azumi, sai Ƙaramar Salla, sai watan Bawa da ke tsakanin sallolin nan biyu, sai Babbar Salla ta nama. Na ce to a wane wata gero ke fitar da kai? Ta ce a nan ne wawaye ke faɗawa rami. Wata yawo yake yi, ta ce, ita da kanta ta yi azumi cikin sanyi tana budurwa, ta yi shi cikin zafin da ke sa harshe ya manne. Manomi ba ya tambayar wata, itatuwa yake tambaya. Ta riƙa jana in za ta tsinko kuka ko itace, tana nuna mini. In ɗorawa ta rataya jajayen furenta, sanyi ya kusa sallama. In iska ta tsaya cik, dare ya gagara barci a ɗaki, kuka ta fara toho ba tare da ɗigon ruwa ba, bazara ce. In shamuwa ta sauka kan rimi, a gyara sungumi. Gawo kuwa ɗan taurin kai ne, ta ce, kamar ni, sai kowa ya yi ganye da damina shi ya zubar da nasa. Bayan damina sai kaka, lokacin girbi da ƙoshi, sai a koma sanyi.

Na haddace duka, amma a ƙasan zuciyata ban fasa dogara da gonata ba. Da zafi ya shigo geron ya miƙe har ya wuce kaina, ya yi ciki, wata safiya na tarar da zangarniya ta leƙo. Wayyo daɗi! Na yi wanka ba a ce in yi ba, na ɗaura zanen salla, na je bakin hanya na zauna a kan tushen wata kuka. Na wuni, na koma washegari, na sake komawa. Masu jakuna suna wucewa, ba Baba. Tsuntsayen ƙasar kuwa da ba su da wani gero sai nawa suka taru suka yi masa tas. Ranar da na ga zangarniyar ta zama tsinke na shiga gida ina ihu, na ce Baba maƙaryaci ne. Gwaggo ta kama kunnena ta murɗe har na ga wuta. Ta ce, "Kul! Ɗan'uwana bai taɓa faɗar magana ta faɗi ƙasa ba. Geron Allah ya ce miki, na ƙasa duka, ba na bayan ɗakina ba." Daga baya ta dama mini fura da nono mai yawa, ta zaunar da ni a cinyarta duk da na yi girma da hakan.

Shamuwa ta zo. Ruwa ya sauka cikin watan Azumin Tsofaffi, ƙasa ta yi wannan ƙanshin da har yau in na ji shi sai na tuna da shekarar. Baffa Ilu yana gaba da sungumi yana sara, mu yara muna binsa muna jefa iri muna rufewa da diddige. Aka yi noman farko, aka yi maimai. Azumin shekarar cikin marka aka yi shi, sama ba ta ɗauke ba, tufafi ba sa bushewa, muna kai wa manoma kunun buɗa-baki da ganyen gwaza a ka. Ana Ƙaramar Salla gero ya fitar da kai, gabas da yamma, har iyakar ganin ido, bununi yana zuba a gashin mutum in ya ratsa. A wannan karon ba ni kaɗai nake duban hanya ba. Inna ta wanke shimfiɗar Baba ta shanya, Gwaggo kuma ta tsiri wani aiki a gayaunarta da ba ya ƙarewa, don dai ta kasance kusa da hanya.

Ayari ya dawo, Baba ba ya ciki. Wani abokin tafiyarsu ya zo ya zauna a zaure da Baffa, ni ina laɓe ina ji. Zazzaɓi ya kama shi a hayin Kwara, ya kasa tsayuwa, sun jira shi har ruwa ya fara cika, suka bar shi a hannun mai masauki da jakinsa guda. Ko yana raye, ko ba ya raye, Allah ne masani. Daga ranar gidanmu ya yi tsit. Inna ta daina cin abin kirki, ta rame, idonta ya faɗa. Baffa ya fara magana ƙasa-ƙasa da Malam. Ni ban fahimci komai ba sai abu ɗaya: gero yana nuna, kuma in aka girbe shi Baba bai zo ba, to maganarsa ta faɗi. Na riƙa roƙon Allah ya hana gero bushewa, ni da na yi watanni ina roƙon ya yi sauri.

Amma gero bai saurare ni ba, ya nuna cikin watan Bawa. Baffa ya kira gayya, aka shiga gandu da kiɗa, kafin azahar an kwantar da fiye da rabi. Washegari suka gama, suka nufo gayaunar Gwaggo don su rage mata aiki kamar yadda aka saba. Suka tarar da ita a bakin kunya, tsaye, ta ci ɗamara da gyale. Ta ce ba mai taɓa mata kara ɗaya. Baffa ya zaci wasa ne. Ya ce, "Yaya, gero ya bushe, tsuntsu zai cinye, abincinki ne na shekara." Ta ce ta sani, ai ba shi ya shuka mata ba. Ya ce mutane za su ce ta taɓu. Ta ce su faɗa, bakinsu ne. Sannan ta juyo ta dube ni, ta ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Bukar ya ce wa yarinyar nan zai tarar da gero a tsaye. To, zai tarar." Samarin suka dubi juna, suka saɓa kayan aikinsu suka wuce gonar gaba.

Haka muka shiga gadin geron da ya kamata a ce yana rumbu. Wanda iska ta kayar mu tayar mu ɗaure shi da sanda. Gwaggo ta yayyaga tsohon zanenta muka naɗe zangarniyoyin da suka fi kyau. Na kaɗa ƙwarya da tsakuwa a ciki har hannuna ya yi kanta, tsuntsaye kuwa suka raina ni, in na kore su nan su sauka can. Aka yi Babbar Salla, aka cire wake, aka girbe dawa, ƙasa ta koma fayau, sai gayaunar Gwaggo tsaye ita kaɗai, ta yi fari fat. Mata a bakin rijiya suna cewa baƙin ciki ya juya wa tsohuwa kai. Goro ya yanke mata, ba ta da abin musaya, ta koma tauna asawaki, in an miƙa mata na wani ta ce haƙori ke damunta. Da Fulani suka shigo da shanu cin kara, wani dattijonsu ya tsaya yana kallon ikon Allah. Ka san Bafulatani da Babarbare, ba sa haɗuwa ba su taɓa juna ba. Ya ce dama an ce Barebari ba su iya noma ba, ashe girbi ma sai an koya musu. Ta ce wanda ba shi da gida sai bayan saniya ina ya san abin da ake ajiyewa a gona? Suka yi ta yi, yana dariya. Amma da ya ji dalili sai ya sa yaransa suka karkata garken, kuma tun daga ranar matarsa take ajiye mana nono a bakin kunya. Na taɓa tambayar Gwaggo, na ce ba ke kika ce ba a jawo lokaci da igiya ba? Ta harare ni ta ce, "Wa ya ce miki ja nake yi? Riƙewa nake."

Cika-ciki ya sake zagayowa ya wuce, sanyi ya fara cizo. Wata la'asar muna zaune a gindin karan, tana kaɗi ina gyangyaɗi, sai ga wani mutum daga kudu, yana dogara sanda, jaki na binsa ba kaya. Ƙashi da fata, gemu ya yi furfura. Na ɗauka mai neman ruwa ne. Ya zo daidai gayaunar ya tsaya, ya dubi gonakin da ba komai, ya dubi geron nan da tsummoki a kai, ya daɗe yana kallo. Mazarin Gwaggo ya faɗi ƙasa. Ba ta tashi ba, ba ta yi salati ba, ba ta yi guɗa ba. Cewa ta yi, "Bukar, ka ga gero a tsaye ko ba ka gani ba?" Ya ce, "Na gani, Yaya." Muryar ce na gane. Ta ce, "To, Larai, ruga ki gaya wa uwarki ubanki ya cika alkawari." Ban ruga ba, na faɗa jikinsa har muka kusa zubewa tare. Ta kan kafaɗarsa na hango Gwaggo tana ƙoƙarin miƙewa, sai ta koma ta zauna ta rufe fuska da gyale, kafaɗunta suna rawa. Washegari shi ya girbe gayaunar da hannunsa, yana yi yana hutawa. Abin da tsuntsu ya bar mana bai cika ƙwarya biyu ba, kuma daga shekarar Baba bai sake tafiya Gwanja ba.

Yanzu duk sun riga mu gidan gaskiya, ni ce tsohuwar gidan, ni ce mai zagin kaji. Jikana Sule yana makarantar boko a Birni, in ya zo hutu sai ya zaunar da ni wai zai koya mini lokaci da Turanci. Mande, Tusde, Wanisde, haka yake jero kwanaki, ba ko yarinya ɗaya a cikinsu da zan riƙe fuskarta. Mako wai wik, shekara wai yiya. Watanninsu goma sha biyu ne kamar namu, Janairu har Disamba, amma ya ce su ba sa yawo, kowanne yana nan inda aka kafa shi, Agusta kullum cikin ruwa, Disamba kullum cikin sanyi. Na ce wannan kam dabara ce, ban raina ba. Sai ya kawo lokutan shekararsu huɗu, sifirin da samma da otom da winta, ya ce a winta ruwa ke daskarewa ya zubo kamar auduga. Na ce to ina bazara? Ya ce ba su da ita. Ina marka? Babu. Na ce Allah sarki, mutanen nan suna cikin rashi. Yana dariya, ina maimaitawa, harshena yana karyewa, yana gyara mini da haƙurin da Gwaggo ba ta taɓa yi da ni ba.

Rannan na ba shi labarin nan, ya ƙirga da yatsu ya ce ai Baba cewa ya yi zai dawo a Satumba, bai zo ba sai Disamba, ya makara da wata uku. Haka lissafinsu ya nuna, kuma ba ƙarya ya yi ba. Ya kawo wata takarda mai jerin watanni ya liƙa a zaure, in wata ya ƙare a yage shi a yar, ko wanda ake jira ya zo ko bai zo ba. Na dube ta na daɗe, na rasa inda mutum zai tsaya a jikinta ya ci ɗamara ya ce kada a taɓa. Na ce masa ya rubuta abin da ya ga dama a makarantarsu. A gidanmu dai, Baba bai makara ba.